Takardar Likita Zuwa Gidan Tarihi

A ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 2018, likitocin wata ƙungiya a birnin Montreal na ƙasar Kanada, waɗanda aiki da harshen Faransanci ya haɗa su, suka soma wani abu wanda da wani ya kawo shi gaban malaman asibiti shekaru hamsin da suka wuce, da an ɗauke shi mai ba'a, ko kuwa wanda shi kansa yake bukatar a duba shi. Majinyaci zai zo da kukansa, a auna jininsa, a saurari ƙirjinsa, sa'an nan bayan an rubuta masa abin da za a rubuta na ƙwayoyi, sai a ƙara masa da wata takarda dabam, wadda ba kantin magani zai kai ta ba, babban gidan adana zane-zane da kayan tarihi na birnin zai nufa da ita, ya miƙa a bakin ƙofa, a buɗe masa ya shiga ba tare da ya biya ko anini ba. An yarje wa kowane likita ya rubuta irin wannan takarda har guda 50 a shekarar gwaji, kuma kowace takarda tana shigar da manya biyu da yara biyu. Jaridun duniya sun yi ta yayata labarin, mafi yawansu suna mamakin yadda kallon zane zai zama magani, amma kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya a kan wannan sharaɗi na ƙarshe, alhali kuwa a ganina nan ne asirin al'amarin yake, domin likitan da ya ce wa mara lafiya ya tafi da mutum uku, ya san cewa abin da ya rubuta ba ya tsaya ga abin da ke rataye a bango.

Kafin mu kai ga wannan, ya kamata a gyara wani kuskure, watau zaton da ake yi cewa Turawan wannan zamani ne suka fara gano dangantakar da ke tsakanin abin da ido ke gani ko kunne ke ji da lafiyar jiki. A birnin Edirne na ƙasar Turkiyya, a bakin kogin Tunca, akwai wasu gine-gine da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Bayazidu na Biyu, ya sa aka gina, aka kammala a shekarar 1488, masu ɗauke da masallaci da makarantar koyon likitanci da gidan ciyar da mabukata da kuma asibiti wanda suke kira Darus Shifa. Babban ɗakin jinyar mai kusurwa shida ne, da ƙubba a samansa da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyarsa, ɗakunan majinyata kuwa an jera su kewaye, ta yadda duk wanda ke kwance zai riƙa jin zubar ruwan nan dare da rana, ko da ba shi da ƙarfin da zai ɗaga kai ya dube shi. Shahararren matafiyin nan Auliya Calabi, wanda ya ziyarci wurin a tsakiyar ƙarni na 17, ya ruwaito cewa akwai makaɗa da mawaƙa goma da aka ɗauka aiki, suna zuwa kwana uku a mako domin su yi wa majinyata sauti, musamman waɗanda hankalinsu ya taɓu, kuma ana kawo musu furanni masu ƙamshi. Wannan kuwa yana faruwa ne a zamanin da a wurare da dama na duniya abin da mai taɓin hankali yake samu shi ne mari da sarƙa da ɗaki mai duhu.

Edirne ma ba ita ce farko ba. Nuruddin Zanki ya gina asibitinsa a Dimashƙa a shekarar 1154, Sarki Ƙalawun ya gina nasa a Alƙahira a 1284, aka kuma gina na Argun a Halab a 1354, dukkansu a kan tsarin waƙafi, dukkansu da farfajiya da ruwa mai gudana da ado a bango. Masu tarihi sun ruwaito cewa a na Alƙahira har masu ba da labari ake kawo wa waɗanda barci ya ƙaurace wa idanunsu. Irin waɗannan gidaje ana kiransu bimaristan, kalmar Farisanci mai ma'anar mazaunin marasa lafiya. Ba kuwa don almubazzaranci aka ƙawata su ba, akwai fahimtar da ke ƙarƙashin aikin, wadda Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya shimfiɗa a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya nuna cewa jiki da rai a sarƙe suke, idan ɗaya ya yi ciwo ɗayan ba ya zama lafiya, kuma baƙin ciki da tsoro da waswasi cututtuka ne da suke da magani kamar yadda zazzaɓi yake da shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin wannan tarihi shi ne yadda zamani ya juya da gidajen nan: asibitin Dimashƙa ya zama gidan tarihin likitancin Larabawa, na Edirne kuma ya zama gidan tarihin kiwon lafiya a ƙarƙashin jami'ar Trakya, har ya ci lambar yabo ta Majalisar Turai a shekarar 2004. Asibitocin da suka yi magani da kyawun gini sun koma gidajen kallo, a daidai lokacin da gidajen kallo suke neman su ɗauki wani yanki na aikin asibiti.

Na san mai karatu zai tuna cewa mas'alar kiɗa mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, wasu suka haramta, wasu suka halatta da sharuɗɗa, har Imam Gazali ya keɓe mata babi guda a cikin littafinsa Ihya. Haka kuma maganar surar abu mai rai da gumaka. Ba ni da matsayin da zan yi fatawa a nan, ba kuma abin da ya kawo ni ke nan ba. Abin da kawai zan ce shi ne, wanda ya ɗauki fahimtar da ta fi tsanani ma bai rasa rabonsa ba, domin gidajen da muke magana a kansu cike suke da rubutun hannu da zayyana da saƙa da ɗinki da tukwane da aikin ƙira, ga kuma lambu da ruwa, waɗanda ba a taɓa jin wani malami ya yi inkarin kallonsu ba.

A ɓangaren Turawa kuwa labarin ya ɗan makara. Florence Nightingale, wadda ta gyara aikin jinya a Ingila bayan yaƙin Kirimiya, ta lura cewa majinyacin da ya yi wata da watanni yana kallon bango ɗaya yakan ƙosa har jikinsa ya nuna, ta kuma ba da shawarar a riƙa sauya masa abin kallo, a kawo masa furanni masu launi. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, da tarin fuka ya kwantar da shi a gidan jinya, ya ga cewa zanen da yake yi a kan gado yana rage masa nauyin kwanaki, sai ya soma koya wa 'yan'uwansa majinyata, kuma shi ake jingina wa sanya wa wannan hanya suna a shekarar 1942, watau jinya ta hanyar zane. Amma wanda ya fara kawo hujjar da likitoci suka kasa kawar da kai daga gare ta shi ne Roger Ulrich, a 1984. Ya ɗauko bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya jera su biyu-biyu gwargwadon kamanceceniyarsu a shekaru da jinsi da nauyin jiki da shan taba, bambancin kawai shi ne ɗaya tagar ɗakinsa tana duban itatuwa, ɗayan kuma tasa tana duban bangon bulo. Masu kallon itatuwa aka sallame su a kwana takwas ko ƙasa da haka da kaɗan, masu kallon bango suka kusa kwana tara. Na farkon ba su nemi maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar na biyun ba, kuma ma'aikatan jinya ba su cika rubuta ƙorafi a kansu ba. Itatuwa dai ba zanen ɗan Adam ba ne, halittar Ubangiji ce, sai dai binciken ya tabbatar da asalin da'awar, cewa abin da ido ya sauka a kansa yana da tasiri a kan naman jiki.

Daga nan bincike ya yi ta ƙaruwa, har ya kai a shekarar 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da nahiyar Turai ya fitar da wani rahoto da Daisy Fancourt da Saoirse Finn suka rubuta, bayan sun bi rubuce-rubuce sama da 900, suka yanke cewa fasaha tana da rawar da take takawa wajen rigakafi da kuma wajen jinya. A wannan shekarar ce kuma Fancourt da Andrew Steptoe suka buga sakamakon bibiyar da aka yi wa mutum 6,710 'yan shekara 50 zuwa sama a Ingila har tsawon shekara 14, inda aka ga waɗanda suke zuwa gidajen tarihi da na wasan kwaikwayo da makamantansu sau ɗaya ko sau biyu a shekara haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya ragu da kashi 14 cikin 100 idan aka gwada su da waɗanda ba sa zuwa sam, masu zuwa a kai a kai kuwa nasu ya ragu da kashi 31.

To, a nan ne ya wajaba mai hankali ya riƙe linzami, domin alƙaluma irin waɗannan suna da daɗin faɗa, kuma masu neman kuɗin gudanar da gidajen tarihi ba su gajiya da maimaita su. Ajali dai yana hannun Mai shi. Amma ko ta fuskar istidlali kawai, ganin abu biyu suna tafiya tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Tsohon da yake iya shiga mota ya je tsakiyar Landan ya yi awa biyu yana zagaya ɗakuna a tsaye, tun asali ƙafarsa lafiya take, aljihunsa ba a bushe yake ba, kuma galibi yana da wanda zai raka shi. La'alla lafiyarsa ce ta kai shi gidan tarihi, ba gidan tarihin ne ya ba shi lafiya ba. Masu binciken, don a yi musu adalci, sun cire tasirin dukiya da ilimi da cututtukan da mutum yake da su tun farko, kuma bambancin bai gushe ba, amma su da kansu sun yarda cewa irin wannan nazari ba ya yanke hukunci a kan sababi. Haka nan gwajin da aka yi a 2006 a kan wasu ma'aikatan ofis a Landan, da aka auna yawunsu kafin da bayan sun yi kimanin rabin awa a wani gidan zane lokacin hutun rana, aka ga sinadarin da jiki ke fitarwa yayin damuwa ya sauka: mutanen ba su kai 30 ba, kuma ba a san abin da zai faru ba da a ce inuwar itace aka kai su suka zauna. Zane ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya narkar da ƙari, ba ya sauke hawan jinin da ya riga ya kafu. Duk wanda ya ce wa mai ciwon suga ya bar allurarsa ya tafi kallon tukwane, ya ɗauki alhakin rai.

Inda fa'idar ta fito fili, ta yadda ba ta bukatar dogon lissafi, shi ne wajen tsofaffin da cutar mantuwa ta kama, wadda mu a gida mukan haɗa ta duka mu kira gigin tsufa. A shekarar 2006 babban gidan zane-zanen zamani na birnin New York ya buɗe wani shiri domin irin waɗannan mutane da masu kula da su, sau ɗaya a wata, a lokacin da gidan yake rufe ga sauran jama'a, saboda kada hayaniya ta rikita su. Akan raba su ƙananan ƙungiyoyi, a ba kowa kujera, a tsaya gaban zane huɗu ko biyar kacal, mai jagora kuma ba ya tambayar kowa wane ne ya zana ko a wace shekara, abin da yake tambaya shi ne me kuke gani, me kuke tsammani matar nan take tunani, wannan launi ya yi muku daɗi ko bai yi ba. Sai mutum ya yi tadabburin halin da mai wannan cuta yake ciki kafin ya gane girman wannan hikima. Tun da gari ya waye ake yi masa tambayoyin da yake faɗuwa a kansu: ka gane ni, ka ci abinci, ina ka ajiye mabuɗi, yau wace rana ce, kowace tambaya jarrabawa ce, kowace amsa kuma abin kunya, har ya kai ga ya zaɓi yin shiru. A gaban zane kuwa babu amsar da za a ce ba daidai ba, ra'ayinsa daidai yake da na 'yarsa da ta kawo shi, wani lokaci ma ya fi nata kaifi, domin ita hankalinta yana kan agogo, shi kuwa babu inda za shi. Na tsawon awa guda da rabi ya daina zama majinyaci, ita ma ta daina zama mai jinya, sun koma uba da 'ya suna musu a kan ko ruwan da ke cikin zanen nan kogi ne ko tafki. Masu binciken jami'ar New York da suka auna shirin sun sami cewa walwalar ɓangarorin biyu takan ƙaru bayan ziyarar. Mantuwar ba ta warke ba, ba kuma wanda ya ce za ta warke.

Mutanen birnin Liverpool na Ingila suka bi ta wata hanyar, wadda a ganina ta fi kusa da ɗabi'ar talaka. A shekarar 2012 gidajen tarihin birnin suka kafa shirin da suka sa wa suna Gidan Tunawa, inda suke horar da ma'aikatan gidajen tsofaffi da iyalai, kuma maimakon su jira a kawo musu tsoho, sai su cika akwati da kayan zamanin ƙuruciyarsa, tsofaffin kuɗi da sabulu da tikitin mota da hotunan tituna kamar yadda suke a da, su ba da aronsa a kai masa har inda yake. Hannu yana riƙe abin da ƙwaƙwalwa ta saki. Wanda ya manta abin da ya ci da safe, idan aka ɗora masa wani ƙarfe da ya yi shekara talatin yana aiki da shi a tashar jiragen ruwa, sai yatsunsa su kama shi yadda ake kamawa, daga nan harshe ya biyo baya. Helen Chatterjee, mai bincike a wata jami'a a Landan, ta gwada irin wannan a gefen gadajen asibiti, tana ba majinyata kayan tarihi su taɓa su jujjuya, abin da a ƙa'idar gidajen tarihi ta dā babban laifi ne.

Gwamnatin Ingila ta rungumi wannan tunani, har a tsarin kiwon lafiyarta na 2019 ta tanadi ma'aikata na musamman waɗanda likita zai tura musu mutumin da ya lura cewa kaɗaici ne ko ƙunci ya fi damunsa, su kuma su haɗa shi da ƙungiyar masu noman lambu ko masu saƙa ko masu ziyarar gidan tarihi. Birnin Brussels na Beljiyam ya bi sahu a 2022 tare da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Brugmann, kuma cikin gidajen da aka zaɓa har da gidan tarihin magudanan ruwan ƙazanta na birnin, wanda ni dai ban san irin natsuwar da ake samu a cikinsa ba, amma ba a musu da ɗanɗanon mutane. Abin da nake tsoro a nan shi ne hukuma mai son tsimi, wadda za ta ga tikitin gidan tarihi ya fi albashin likita araha, sai ta bar mai tsananin ciwon damuwa yana jiran ganin ƙwararre wata shida, ta miƙa masa takardar kallo ta ce ta sauke nauyi. Kuma ko an ba da takardar, idan gidan matakala ne tun daga ƙofa, babu kujerar hutawa, babu makewayi a kusa, mai gadi kuma yana yi wa mai tsohuwar riga kallon hadarin kaji, to takardar a aljihu za ta ruɓe.

Idan aka tattara dukkan waɗannan, daga maɓuɓɓugar Edirne zuwa akwatin Liverpool, za a ga cewa cutar da ake yaƙa ita ce wadda ciwo yake jawowa a bayansa, watau yankewa daga mutane, da ƙuntatar duniya har ta koma faɗin gado, da zama wanda ba a tambayarsa kome sai yaya jiki. Mu ba baƙi ba ne ga maganin wannan, tun da addini ya sanya dubiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, al'ada kuma ta ba tsoho zaure da dakali da majalisar bayan La'asar. Sai dai wanda ya san biranenmu na yau ya san cewa zaure yana ƙarewa, 'ya'ya sun watsu neman abinci, dubiyar ma ta koma sallama da addu'a da ajiye ledar lemo a tashi, domin mai zuwa ba ya da abin da zai ce bayan sannu. Ga shi kuwa muna da Gidan Makama a Kano, ginin da asalinsa yake komawa zamanin Muhammadu Rumfa, da gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, da na Kanta a Argungu, da na Bubu Hama a Yamai, waɗanda galibi 'yan makaranta ake kai wa a jere, a bi da su da sauri suna rubuta sunayen abubuwan da ba su taɓa gani ana aiki da su ba, alhali mutanen da suka yi aiki da su suna zaune a gida cikin ɗaki.

Akwatin irin na Liverpool ba ya ma bukatar izinin wata hukuma. Anini da kwabo mai huji, akushi da ludayin duma, mazari da alli da ɗan sawun auduga, fitilar aci-balbal, dutsen guga na gawayi, tsohon allo mai zayyanar sauka, ƙyallen saƙi da ya sha baba a marina, ɗan kwalin tiraren da aka daina yi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwar da ta daina gane jikokinta, ya ga an miƙa mata mazari, ya san abin da ke biyo baya: takan jujjuya shi, ta shafa alli a yatsu, ta murza shi a kan tasa har ya tsaya yana juyi, sa'an nan ba tare da ta ɗaga kai ba ta soma faɗin sunan wadda ta koya mata kaɗi, da unguwar da suke, da nawa ake sayar da zare a kasuwar Kurmi a shekarar da aka yi mata aure.